Sassabin Zamani: Yadda Wani Ƙauye a Gundumar Agiye Ya Dawo da Itatuwan Gonakinsa

Wurin da asalin matsalar, kafin 1975

Sassabin zamani dabara ce ta renon tohon kututturen itatuwa a gona maimakon a sassabe shi. Ƙauyen da wannan nazari ya bi yana gundumar Agiye, cikin jihar Maraɗi, a kudancin Jamhuriyar Nijar. Yawancin mazaunansa Hausawa ne manoma, da rugagen Fulani a kewaye. Ƙasarsa jigawa ce, yashi mai saurin shanye ruwa. Ruwan sama bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Gero ne babban abinci, sai dawa da wake, gyaɗa kuma ita ce ta kuɗi.

A da, idan gona ta gaji, a kan bar ta saura na wasu shekaru, sabara da kalgo da geza su rufe ta, ƙasa ta farfaɗo. Abubuwa uku suka rushe wannan tsari. Jama'a ta ƙaru har babu sauran filin da za a hutar. Noman gyaɗa, wanda Faransawa suka ƙarfafa, gwamnati kuma ta ci gaba da shi bayan 1960, ya zo da garmar shanu da shawarar malaman gona cewa a tumɓuke kututture don kada ya tare garma, har ya zama manomin kirki shi ne wanda ba a ganin ko tsiro ɗaya a gonarsa. Na uku doka ce. Dokar gandun daji ta mulkin mallaka ta 1935, da ta Nijar ta 1974 da ta gaje ta, sun sa itatuwa masu daraja a hannun hukuma. Gawo na cikin waɗanda aka hana taɓawa ba da izini ba. Manomin da ya sassare reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa yana iya cin tara. Abin da wannan ya haifar shi ne mutum ya cire ɗan gawo tun yana ƙarami, kafin ma'aikacin gandun daji ya gan shi ya zame masa abin shari'a.

Farin da ya kai ƙarshensa a 1973 da 1974 ya kashe itatuwa da dabbobi masu yawa. A 1975 cuta ta lalata gyaɗa a yankin baki ɗaya. Mutane suka koma sayar da itacen wuta don sayen hatsi, abin da ya rage a tsaye ya tafi.

Daga nan matsalar ta riƙa ciyar da kanta. Babu abin da ke tare iskar farkon damina, sai ta kwaso yashi ta yanke ƙananan gero ko ta binne su. Manomi ya sake shuka sau biyu, sau uku, wani lokaci sau huɗu. Kowace maimaitawa asarar iri ce, kuma tana cinye kwanakin damina da dama gajera ce. Mata ba su da itacen girki a kusa, sai tafiyar sa'o'i, ko su ƙona kara da kashin shanu. Karan da kashin kuwa su ne ya kamata su kwana a gona su rufe ƙasa su zama taki. Gona ta wuni tsirara duk rani, iska ta ɗebe samanta, amfanin baɗi ya ƙara raguwa.

1975 zuwa 1983: dashe

Maganin farko da hukuma da ƙungiyoyin agaji suka kawo shi ne dashe. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ta zama ranar dashen itace a Nijar. An kafa wuraren renon itatuwa, ana cika leda da ƙasa, ana shuka dogon yaro da turare da wasu baƙin itatuwa, ana ban-ruwa wata uku ko huɗu, a raba wa ƙauyuka idan damina ta sauka. An kuma ware wa ƙauyuka filayen dashe na gari.

Yawancin abin da aka dasa bai rayu ba, kuma dalilan a bayyane suke. Itacen leda saiwarsa ba ta wuce tsawon ledar ba. Ana dasa shi a Yuli ko Agusta, ruwa ya ɗauke a Satumba, sai ya fuskanci wata takwas babu ɗigon ruwa, ga gara a ƙasa, ga awaki a sama. Lokacin dashen ya faɗo daidai da noman farko da maimai, lokacin da babu mai hannun da zai ba wani aiki. Shinge tsada gare shi. Filin gari kuma ba na kowa ba ne: wanda ya yi ban-ruwa bai san ko shi zai sare ba, ga shi filin ma daga gonar wani aka yanko shi. Akwai inda dashe ya yi nasara, kamar jerin dogon yaron da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, amma can ƙasar kwari ce, ruwa na kusa. A jigawar Agiye hakan bai samu ba.

1983 zuwa 1987: yunwa, da abinci a madadin aiki

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo, wanda a lokacin ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke fitowa a gonaki kowace shekara, waɗanda ake sassabewa a ƙone, toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya gwada renon wannan toho da manoma kamar goma. Itatuwan sun tashi da sauri, amma makwabta suka mai da masu gwajin abin dariya, kuma da dare aka riƙa sace sandunan.

Daminar 1984 ta gaza. Yunwar da ta biyo baya ita ce mutanen yankin ke kira El-Buhari, saboda ta zo lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta, hanyar hatsi da ta cin rani suka toshe. Tun a watan Mayu na 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Taron ya yarda cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun talakawa, amma abin da ya fi biyo baya a aikace ƙarin dashe ne.

SIM kuwa ta haɗa rabon abinci da sharaɗi a ƙauyuka kusan 100: wanda zai karɓi hatsi sai ya bar kututture kamar 40 a kowace hekta ya rene su. An raini itatuwa wajen 500,000 ta wannan hanya. Da aka yi girbi mai kyau aka daina rabon abinci, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan an sare su. Kashi ɗayan da ya rage shi ne ya yi amfani, don a gonakin nan kowa ya ga cewa gero bai mutu a gindin itace ba. Muhimmin abu na biyu da aka samu a lokacin shi ne jami'an gandun daji na Maraɗi sun yarda su sassauta tara ga manomin da ya sari itacen da shi ya rena. Yarjejeniya ce ta fahimtar juna, dokar kanta ba ta canja ba.

Mutanen ƙauyen da muke magana a kai suna da nasu labarin yadda abin ya faro a wajensu. Sun ce a tsakiyar shekarun 1980 wasu 'yan cin rani sun dawo a makare, ruwa ya riga ya sauka, suka shuka ba su yi sassabe ba. Gonakinsu da suka cika da sabara ba su buƙaci sake shuka ba, na makwabta kuwa iska ta cinye. Labaran biyu ba su saɓa wa juna ba. Dabarar ta yaɗu daga baki zuwa baki, a kasuwanni da wajen biki, har ta samu sunan da ake kiranta da shi yau: sassabin zamani.

Ƙarshen shekarun 1980: aikin kansa a gona

Ana yin sa ne lokacin sassabe, wajen Afrilu da Mayu. Manomi ya zaga gonarsa ya zaɓi kututturen da zai bari gwargwadon buƙatarsa: sabara da kalgo da taramniya don itacen wuta da sandunan rufi, gawo don taki da abincin dabbobi, aduwa da magarya don 'ya'ya. Kututture ɗaya na iya fitar da toho ashirin ko fiye. A zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran. Waɗanda aka bari a rage musu rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu kawai.

Kurakuran da aka fi yi a nan suke. Idan aka rage rassa har kusa da kai, sandar kan yi tsawo ba kauri, iska ta karya ta ko akuya ta tanƙwara ta ta cinye kan. Idan aka yi sara daga sama zuwa ƙasa, reshen kan ja ɓawo ya yage, raunin ya zama ƙofar gara da ruɓa, don haka daga ƙasa zuwa sama ake saran, da gatari ko adda mai kaifi. Idan aka bar sanda ɗaya tak a kututture, ɓarawo ɗaya ya isa ya ɓata aikin shekara biyu. Idan kuma aka yi aikin sau ɗaya aka tafi, sabon toho zai sake cika gindin ya raba abincin. Dole a koma duk wata biyu zuwa shida. Rassan da aka sare a kan bar ganyensu a gona, masu ƙaya a kewaye gindin da su. Wasu kan ɗaura tsumma a sanda don mai wucewa ya san da mai ita.

Hikimar barin sanda biyar ita ce a riƙa sare ɗaya kowace shekara, a bar sabon toho ya maye gurbinta, ta yadda kullum akwai abin sara, kullum kuma akwai abin tare iska. Itacen wuta na samuwa tun shekarar farko daga abin da aka rage. Sandunan rufi da na rumbu sai shekara ta biyu ko ta uku.

Yawan itace a hekta lissafi ne mai sauƙi. Itace 40 a hekta na nufin tazarar kusan mita 16 tsakaninsu. Itace 100 na nufin mita 10. Manoma sun fara da kaɗan saboda tsoron inuwa da tsuntsaye, suka riƙa ƙarawa da suka ga abin da gero zai iya ɗauka. Kalgo na da inuwa mai kauri, yana son a riƙa ɗaga masa rassa. Gawo kuwa halinsa dabam ne: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Ba ya tare wa gero rana, ganyensa na zuba daidai lokacin da ƙasa ke buƙata, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobin da ke hutawa a inuwarsa da rani su bar kashinsu a wurin. Yawancin gawo ba daga kututture yake fitowa ba, daga ƙwayar da ta bi ta cikin dabba ne, shi ya sa ake duba gona a tsanake kafin a sa hauya.

Abin da ya sa toho ya fi dashe ba ɓoyayye ba ne. Saiwar kututture ta riga ta yi shekaru tana nitsewa, ta kai ga danshi, tana da ajiyar abinci. Ba ya son ban-ruwa, ba ya son leda, ba ya son mota.

Shekarun 1990: manomi shi kaɗai

Sauye-sauyen ƙasa sun taimaka ta hanyar da ba a shirya ba. Kountché ya rasu a Nuwamba 1987, aka yi taron ƙasa a 1991, baitulmali kuma ya yi rauni, ma'aikatan gandun daji suka rage shiga ƙauyuka. A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta amince da mallakar gona ta gargajiya, ta kuma tanadi kwamitocin kula da filaye. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, takin zamani ya fi ƙarfin talaka, gawo ya ƙara daraja. Ruwan sama ma ya ɗan gyaru idan aka kwatanta da shekarun 1980.

Duk da haka aikin a ƙauyen ya riƙa tafiya yana tsayawa. Bayan girbi, a al'ada, gona ta kowa ce: dabbobi su shiga, mai neman itace ya shiga. Maza da yawa suna cin rani a daidai wannan lokaci. Masu saran itace na sayarwa su zo da amalanke daga wasu garuruwa, makiyaya masu wucewa su sassare gawo don dabbobi, wani lokaci har su kashe shi. Wanda aka yi wa ɓarna ba shi da inda zai kai ƙara, domin a takarda itacen ba nasa ba ne. Wasu suka zaɓi su sare nasu tun bai kai ba, gara su ci da wani ya ci.

1998 zuwa 2008: kwamiti, da haɗa ƙauyuka

Wani aikin raya karkara na gundumar Agiye, wanda IFAD, asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ke ba kuɗi, ya canja salo a ƙarshen shekarun 1990. Ya daina kawo wa manoma dabara, ya koma tallafa wa wadda suke yi. An fara da ƙauyuka uku na gwaji, wannan na cikinsu.

Abin da aka kafa shi ne kwamitin tsaron itatuwa. Taron gari ne ke zaɓen mutanensa, kuma an sa mata da samari da wakilan Fulani a ciki. Sa Fulani ba don ado ba ne. Dokar da aka yanke ba tare da makiyayi ba, ba za ta wuce rani ɗaya ba, kuma arɗo ne kaɗai zai iya isar da ita ga baƙin makiyaya. An zauna da mai gari da sarakuna da jami'an gandun daji aka amince da ƙa'idoji: wane ne ke da ikon sara, yaya ake sassare reshe don dabba ba tare da kashe itace ba, ina burtali ya bi, nawa ne tarar wanda aka kama. 'Yan kwamiti suna zagaya gonaki, musamman da rani, an kuma ba su katin shaida don kada wanda aka tare ya ce ba su da hurumi. Ƙaramin laifi a gaban mai gari yake ƙarewa, wanda ya gagara a miƙa wa gandun daji. Ana tara kuɗi a asusun kwamiti don ayyukan gari.

Kwamitin ƙauye ɗaya bai isa ba, don ɓarawon itace yawanci daga ƙauyen gaba yake. Sai aka faɗaɗa. Zuwa 2007 akwai kwamitoci 53 da ke kula da ƙauyuka 170 a gundumar, kowanne na riƙe da ƙauyuka uku ko huɗu. An ƙiyasta filin da ke ƙarƙashin wannan tsari da hekta 130,000, gonakin da a da babu komai suna ɗauke da itace sama da 100 a hekta. Manoman ƙauyen da suka ƙware suka zama masu koyarwa, ana kawo musu baƙi daga wasu jihohi, ana kuma kai su. Daga baya aka buɗe kasuwar itace ta karkara a ƙarƙashin kulawar mutanen gari, abin da ya ba su damar sayarwa a fili da farashin da suka yarda da shi, maimakon a ɓoye ga ɗan kasuwa.

Gwajin tsarin ya zo a 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004. Hatsi ya yi tsada ƙwarai, jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi tsanani. Gidajen da ke da itatuwa sun sayar da itacen wuta da sanduna sun sayi gero, sun ciyar da dabbobi da 'ya'yan gawo da na kalgo maimakon su karyar da su, sun kuma ci ganye da 'ya'yan itace. Masu binciken da suka zaga yankin bayan haka sun ba da rahoton cewa ƙauyuka masu itatuwa sun fi jurewa.

2004 zuwa 2020: ƙasa ta biyo baya

Sabuwar dokar gandun daji ta Yuni 2004 ta ba jama'a da ƙananan hukumomi hannu a kula da itatuwa, amma ba ta warware batun gawon cikin gona sarai ba. A daidai lokacin ne Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij, da Mahamane Larwanou suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan 2000. Suka gano cewa abin ya wuce Maraɗi nesa. A Magarya da Matamai da Mirya na jihar Damagaram kaɗai akwai wajen hekta miliyan 1, yawanci gawo, kuma manoma ne suka yi da kansu. Ƙiyasin da aka buga a 2009 ya ce hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a faɗin kudancin ƙasar, da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara.

Daga nan ne tallafin ya ɗauki siffar ƙasa baki ɗaya. Kwamitocin filaye na ƙauye da na gunduma suka yawaita. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta riƙa fitar da takardun koyarwa da shawarwari, har da harshen Hausa. Gidajen rediyon karkara suka ɗauki batun. Shirin raya noman iyali na ProDAF da aka fara a 2015 ya kai salon Agiye zuwa sauran Maraɗi da Tawa da Damagaram. Nijar ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 kafin 2030. A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassabin zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Hukunci

Dabarar sara ba ita ce ta yi wuya ba. Ana koyonta a wuni ɗaya, kuma an san ta a yankin tun tsakiyar shekarun 1980. Abin da ya ɗauki shekara goma sha biyar a ƙauyen shi ne tabbacin cewa wanda ya rena shi zai sara. Dashe ya faɗi saboda saiwa da kuma rashin mai shi. Rabon abinci ya sayi aiki na shekara ɗaya, amfaninsa na gaske shi ne gonakin nuni da ya bari. Manomi shi kaɗai ya kasa saboda rani. Kwamiti ya yi aiki ne da ya samu abubuwa huɗu a lokaci guda: makiyaya a ciki, makwabtan ƙauyuka a tsari ɗaya, goyon bayan sarakuna da gandun daji, da kasuwa. A ganinmu wannan ne ainihin aikin da tallafi daga sama ya yi, kuma ya makara ƙwarai. Shekara 37 ke tsakanin gwajin 1983 da dokar 2020, manoma na renon abin da takarda ba ta ba su ba.

Alƙaluman ƙasa suna son a riƙe su da hankali. Tan 500,000 ɗin lissafi ne da aka gina a kan ƙarin kilo 100 a hekta, ba awo ne na gona-gona ba, kuma gyaruwar ruwan sama na da nata kaso. Sai dai ruwa kaɗai ba ya bayyana dalilin da ya sa gonaki suka fi dajin da ba mai shi cika da itace.

Akwai abin da bai warware ba. Matan da ba su da gona, waɗanda a da suke tsintar itace ko'ina, yanzu sai sun roƙa ko sun saya, kuma ƙa'idojin kwamiti da yawa ba su tanadar musu komai ba. Mai noman aro ko jingina ba ya son renon itace, mai gonar ma ba ya son ya rena, don itace na iya zama hujjar mallaka. Sintirin kwamiti aikin sa kai ne, yakan yi sanyi idan aikin da ke tallafa masa ya ƙare. Sannan toho ba ya dawo da abin da babu kututturensa: sabara da kalgo da gawo ne suka mamaye gonakin, kirya da ɗanya da kanya da ɗorawa kuwa sun yi ƙaranci. Waɗannan sai an shuka ƙwayarsu ko an dasa, a gindin sabarar da ta riga ta tashi, inda akwai inuwa da danshi da ƙayar da za ta kare su daga awaki a raninsu na farko.